Yawan Maƙala da Yawan Ambato: Tambayoyi da Amsoshi kan Auna Binciken Masanin Fannin Mafitsara

Tambayoyin nan suna yawan dawowa a bakin likitoci masu neman ƙarin girma a jami'a, da ɗalibai masu laluben malamin da zai duba musu bincike, da 'yan kwamitin da aka zube wa takardun mutum goma a gaba aka ce su fitar da ɗaya. An jero su daga masu sauƙi zuwa masu ɗan zurfi.

1. Me fannin nan ya ƙunsa, kuma wane irin bincike ake yi a cikinsa?

Yuroloji, wanda muke kira fannin mafitsara, reshe ne na tiyata da ke kula da hanyar fitsari tun daga ƙoda har zuwa mafita, ga maza da mata. Ya kuma haɗa da al'aurar namiji da furostet, wato ƙullin naman nan da ke zagaye da hanyar fitsari a ƙarƙashin mafitsarar namiji. A inuwa ɗaya za ka tarar da mai binciken kansar furostet, da mai fasa tsakuwar ƙoda, da mai gyara hanyar fitsarin da ta tsuke, da mai kula da yaran da aka haifa da tawaya, da mai duba rashin haihuwa da raunin mazakuta, da mai ɗinke yoyon fitsari. A riƙe wannan faɗin, domin shi ne tushen amsar tambaya ta 6.

2. Mene ne bambancin yawan aikin bincike da tasirin ambato?

Yawan aiki shi ne abin da mutum ya fitar: maƙalun da takwarorinsa suka tantance kafin a buga, da babi-babi a littattafai, da rahotannin gwaje-gwajen magani. Ambato kuwa shi ne duk lokacin da wani mai bincike ya kafa hujja da aikinka, ya sa shi a jerin manazartarsa. Na farko a hannunka yake. Na biyu a hannun wasu yake, shi ya sa ake ganin ya fi nauyi.

Wanda ya kafa harsashin ƙirga ambato shi ne Eugene Garfield, ɗan Amurka. Ya gabatar da ra'ayin a mujallar Science a 1955, ya kuma fitar da kundin Science Citation Index a 1964. Abin da ya fi damunsa da farko shi ne mai karatu ya iya bin sawun ra'ayi daga wannan maƙala zuwa waccan. Daga baya ne jami'o'i suka mayar da ƙirgar mudun awon mutane.

3. A ina ake ganin alƙaluman, kuma me ya sa na wannan shafi ba ya dacewa da na wancan?

Manyan wuraren uku ne: Google Scholar, da Scopus na kamfanin Elsevier, waɗanda duk suka fara aiki a 2004, sai Web of Science na Clarivate, wanda ya gaji kundin Garfield. PubMed, na ɗakin karatun likitanci na ƙasar Amurka, shi ne wurin tabbatar da cewa maƙala tana nan da gaske, amma ba ya lissafa wa mutum maki.

Idan ka buɗe shafin wani masani a Google Scholar, za ka ga ɗan akwati a gefen dama mai layi uku: jimillar ambato, da ma'aunin h (bayaninsa yana tambaya ta 4), da ma'aunin i10, wato yawan maƙalun da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 10. Kowane layi yana da lamba biyu, ta tun farkon aiki da ta shekara biyar ɗin baya-bayan nan, a ƙasa kuma ga sanduna suna nuna ambaton kowace shekara. Mutane sukan tsaya kan lambar farko, alhali ta biyu ce ke gaya maka ko har yanzu ana cin moriyar aikin mutumin.

Lambar Google Scholar kusan kullum ta fi girma, domin yana kwasar komai: kundin digiri, takardun taro, littattafai, wani lokaci har da maƙala ɗaya da aka ƙirga sau biyu. Scopus da Web of Science kuwa abin da suka tantance suka zaɓa kaɗai suke ƙirgawa. Don haka idan za a kwatanta mutum biyu, a ɗauko lambobinsu daga wuri ɗaya, a rana ɗaya.

4. Yaya ake lissafa ma'aunin h?

Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, shi ya ƙirƙiro shi a 2005. Ka jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, ka riƙa saukowa har inda lambar jerin ta wuce yawan ambaton. A ɗauka wata likita tana da maƙala bakwai, an ambace su sau 90, 41, 12, 6, 5, 3 da 0. Ta biyar tana da ambato 5, ta shida kuma 3 kacal, ba ta kai 6 ba. Ma'auninta 5 ke nan: maƙala biyar, kowacce an ambace ta aƙalla sau biyar.

Lura da abin da ya faru da maƙalar nan mai ambato 90. Ko da gobe ta kai 900, ma'aunin yana nan a 5. Wannan gurguntakar ce ta sa Leo Egghe ya kawo ma'aunin g a 2006, wanda ke ba manyan maƙalu ƙarin nauyi. Wata matsalar ita ce ma'aunin h ba ya raguwa. Wanda ya ajiye alƙalami shekara goma da suka wuce, nasa yana iya ci gaba da hawa yana kwance a gida.

5. To, nawa ne ma'aunin h mai kyau ga likitan mafitsara?

Babu lamba ɗaya da za a yanke, kuma duk wanda ya ba ka ita ba tare da ya tambayi shekarun aikin mutumin da reshensa ba, shaci-faɗi ya yi. Hirsch da kansa ya ba da shawarar a raba ma'aunin da yawan shekarun da mutum ya yi tun maƙalarsa ta farko. A lissafinsa, wanda ya kai 20 bayan shekara 20 ya yi nasara, wanda ya kai 40 kuwa fitacce ne. Sai dai masana fiziks yake magana a kai, ya kuma nuna cewa lambobin masu kimiyyar halittu sun fi haka girma sosai.

Ga likitan tiyata akwai ƙarin magana. Mai yini uku a mako a ɗakin tiyata, ya kwana ana kiransa kan wanda fitsari ya ƙi fita, ba za a ɗora shi sikeli ɗaya da wanda aikinsa duka a ɗakin gwaji yake ba.

6. Me ya sa mai binciken kansar furostet ke ninka mai gyaran hanyar fitsari a ambato, alhali su duka ƙwararru ne?

Saboda ambato yana bin yawan masu rubutu ne. Maƙala a kan kansar furostet tana da kasuwa babba: likitocin kansa za su ambace ta, da masu gashin haske, wato masu ƙona kansa da haske mai ƙarfi, da masu hoton cikin jiki, da masu nazarin ƙwayoyin gado, da masu ƙididdigar cututtuka, da kamfanonin magani masu ɗaukar nauyin gwaji. Maƙala a kan dabarar ɗinke hanyar fitsarin da ta tsuke kuwa, masu rubutu a kanta a duniya ba su da yawa, kuma akasarinsu sun san juna. Ko da kowannensu ya ambace ta, lambar ba za ta taka kara ta karya ba.

Abin ya fi muni ga cututtukan da suka fi addabar talakawa. Yoyon fitsari bayan doguwar naƙuda, da tsargiya mai sa fitsarin jini wadda ke iya kaiwa ga kansar mafitsara, suna wahalar da ɗimbin jama'a, amma a wuraren da kuɗin bincike ya yi ƙaranci. Likita zai iya rubuta abin da zai gyara hannun duk mai ɗinke yoyon fitsari, masu amfani da shi su karanta su yi aiki da shi, amma ba su rubuta komai ba balle su ambace shi. A ganina nan ne ma'aunin ya fi yin zalunci, domin yana ƙirga amfanin aikinka ga marubuta, ba ya ganin amfaninsa ga marar lafiya.

An yi ƙoƙarin gyara wannan da ma'aunan da ke kwatanta maƙala da sa'o'inta na fanni ɗaya. Scopus yana da nasa, inda 1.0 ke nufin matsakaicin duniya. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ma tana da nata a shafin iCite. Sun fi ɗanyar lamba adalci, amma idan aka zuba fannin mafitsara duka a kwando ɗaya, masu kansa ne dai za su kasance a sama.

7. Wace irin maƙala ce ta fi tara ambato?

Kayan aiki. Duk abin da kowa zai buƙata kafin ya rubuta sakamakonsa, shi ke tara ambato fiye da kima. A 1992 Michael Barry da abokan aikinsa sun buga tambayoyi bakwai na auna wahalar fitsari ga masu kumburin furostet, makinsu daga 0 zuwa 35. Tun daga nan kusan duk wanda ya gwada magani ko tiyata a kan wannan cuta sai ya ambace su. Haka tambayoyin auna ƙarfin mazakuta na Raymond Rosen na 1997, da tsarin Donald Gleason na 1966 na tantance munin kansar furostet, da tsarin Clavien da Dindo na 2004 na karkasa matsalolin bayan tiyata mataki biyar.

Bayansu sai ƙa'idojin jinya na manyan ƙungiyoyi, kamar na ƙungiyar likitocin mafitsara ta Turai da ta Amurka, da maƙalun bita, da manyan gwaje-gwajen da aka raba marasa lafiya ta hanyar ƙuri'a. Rahoton marar lafiya guda ɗaya shi ne a ƙasan jeri, ko da abin da ya ƙunsa mai ban mamaki ne.

8. An ce in duba impak fakta na mujalla. Shin ya isa shaida?

Wannan ma'auni na mujalla ne, kuma lissafinsa a fili yake: yawan ambaton da aka yi a 2024, misali, ga abin da mujalla ta buga a 2022 da 2023, a raba da yawan maƙalun da ta buga a shekarun biyu. Matsakaici ne, kuma 'yan maƙalu ƙalilan ne kan ɗaga shi sama, sauran suna cin albarkacinsu. Buga aiki a European Urology, ko The Journal of Urology da Hugh Hampton Young ya kafa a 1917, ko BJU International, alama ce cewa aikin ya tsallake tantancewa mai tsanani. Amma hakan bai gaya maka ko an karanta wannan maƙalar ba.

Sanarwar San Faransisko kan auna bincike, wadda aka fi sani da DORA, an tsara ta a 2012, kuma babban kiranta shi ne a daina amfani da impak fakta wajen ɗaukar aiki, ko ƙarin girma, ko ba da tallafi. Jami'o'i da yawa sun sa hannu. Sa hannu daban, barin tsohuwar al'ada daban.

9. Sunan mutum yana cikin marubuta sittin na maƙala ɗaya. Yaya za a san gudummawarsa?

A al'adar likitanci, na farko shi ne ya yi ɗawainiyar aikin da rubutun, na ƙarshe kuma shi ne babban malami mai jagora. Na tsakiya suna iya zama komai, daga wanda ya yi lissafin ƙididdiga zuwa wanda asibitinsa ya ba da bayanan marasa lafiya goma sha biyu. Ma'aunin h bai san wannan ba, kowa ambato cikakke yake ba shi.

Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya gindaya sharuɗɗa huɗu kafin a kira mutum marubuci: ya yi hannu sosai a tsara aikin ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya rubuta ko ya yi gyara mai ma'ana, ya amince da rubutun ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi kan abin da ke ciki. Sa sunan shugaban sashe don girmamawa kawai bai cika ko ɗaya ba, amma ana yi. Mafita mai sauƙi ita ce ka ware maƙalun da mutum ya zo na farko ko na ƙarshe, ka duba su daban.

10. Ana iya maguɗi a waɗannan alƙaluma?

Ƙwarai. Akwai ambaton kai da ya wuce gona da iri, da 'yan ƙungiyar a-ambace-ni-in-ambace-ka, da mai tantancewa da ke tilasta wa marubuci ya sa maƙalunsa, da yanka bincike ɗaya gunduwa-gunduwa ya zama maƙala huɗu. Clarivate takan dakatar da mujallu daga jerinta na shekara idan ta ga ambaton kai ya yi yawa. Amma ambaton kai a kan kansa ba laifi ba ne. Wanda ya shekara ashirin a kan tsakuwar ƙoda dole ya koma ga abin da ya rubuta a baya. Scopus yana ba da damar a cire ambaton kai a ga abin da ya rage.

Sai mujallun cin kuɗi, masu aiko da saƙon imel cike da yabo, su yi alkawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya. Jeffrey Beall, ma'aikacin laburare a Jami'ar Kolorado da ke Denba, ya riƙa tattara sunayensu har ya rufe jerin a farkon 2017. Idan ka ga mutum yana da maƙala tamanin amma 'yan kaɗan ne ke cikin PubMed ko Scopus, ruwa ba ya tsami banza.

11. Idan an ambaci maƙala da yawa, yana nufin an yarda da ita?

A'a. Ana ambato don goyon baya, ana yi don sukar lamiri, ana yi don kowa yana yi. Labarin gwajin jini na PSA, wani sinadari da furostet ke fitarwa, ya ishe mu. A 1987 Thomas Stamey na Jami'ar Stanford ya buga maƙala a New England Journal of Medicine da ta nuna amfanin PSA wajen bin diddigin kansar furostet. A 1991 William Catalona ya nuna ana iya amfani da shi wajen gano cutar da wuri. A 2004 Stamey ɗin nan ya sake rubutu a The Journal of Urology yana cewa zamanin PSA ya ƙare a Amurka. Sai a 2009 manyan gwaje-gwaje biyu suka fito tare: na Turai, ERSPC, ya ga raguwar mutuwa da kusan kashi 20 cikin ɗari, na Amurka, PLCO, bai ga wani bambanci a fili ba. Dukkansu an ambace su ba adadi, saboda duk mai shiga gardamar sai ya kira sunan ɓangarorin biyu.

Har maƙalar da aka janye saboda kuskure ko ha'inci takan ci gaba da samun ambato. Shafin Retraction Watch, da aka kafa a 2010, yana da rumbun da za ka duba sunan marubuci a ciki.

12. Shin akwai aikin da ya yi tasiri amma lambobi suka makara wajen ganinsa?

Akwai, kuma fannin nan yana da misalai masu kyau. A 1976 Alvaro Morales, a Kanada, ya ba da rahoton marasa lafiya tara kacal da ya zuba wa allurar rigakafin tarin fuka, BCG, a cikin mafitsara don hana kansa dawowa. Hukumar magunguna ta Amurka ba ta amince da wannan magani ba sai 1990, yau kuma shi ne ginshiƙin jinyar wannan nau'in kansa. Da da ambaton shekara biyun farko aka auna shi, ai da an ce ƙaramin aiki ne.

Werner Forssmann, Bajamushe, ya zura siririn bututun da ake sa wa a hanyar fitsari ta jijiyar hannunsa har zuciyarsa a 1929. Abin da ya fara samu shi ne tsangwama, ya koma ya zama likitan mafitsara, sai a 1956 aka ba shi kyautar Nobel. Charles Huggins na Jami'ar Chikago ya nuna a 1941 cewa rage sinadarin maza yana danne kansar furostet, tasa Nobel ɗin ta zo a 1966.

Akwai kuma aikin da shi kansa ke cin shekaru. Gwajin ProtecT na Birtaniya ya raba maza 1,643 gida uku: tiyata, gashin haske, da sa ido. An ɗebi mutanen tsakanin 1999 da 2009, sakamakon shekara 10 ya fito a 2016, na shekara 15 a 2023, inda aka ga kusan kashi 97 cikin ɗari ba su mutu da cutar ba, ko wane gida suka faɗa. Matashin da ya ba da ƙuruciyarsa ga irin wannan aiki, takardarsa za ta daɗe tana kama da ta malalaci.

13. Mene ne jerin nan na kashi biyu cikin ɗari na manyan masanan duniya?

Jeri ne da John Ioannidis na Stanford da abokansa suka fara fitarwa a 2019, da bayanan Scopus. Yana haɗa ma'auni da dama, yana la'akari da matsayin mutum a jerin marubuta, yana kuma nuna lambobi da ambaton kai da kuma ba tare da shi ba. Lissafi ne da kwamfuta ke yi, babu wani kwamiti da ya karanta aikin mutum ya karrama shi. Duk abin da aka faɗa a tambaya ta 6 da ta 11 ya shafe shi.

14. Ni sabon shiga ne. Yaya zan sa a ga aikina ba tare da maguɗi ba?

Ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaida ta mai bincike, mai alƙaluma 16, kyauta ce, ka kuma tsaya kan salon rubuta suna guda ɗaya. Mutane da yawa sun yi asarar ambato saboda an raba maƙalunsu tsakanin sunaye uku. Ka duba shafinka na Google Scholar lokaci-lokaci, ka goge abin da ba naka ba.

Ka zaɓi tambaya ɗaya ko biyu ka zauna a kansu har a san ka da su. Ka yi amfani da ma'aunan da kowa ya sani, irin waɗanda aka ambata a tambaya ta 7, domin masu haɗa sakamakon bincike da yawa su iya ɗaukar naka. Ka yi rajistar gwaji kafin ka fara. Ka bi marasa lafiyarka tsawon lokaci, ka kuma faɗi waɗanda suka ɓace maka da waɗanda aikin bai yi musu kyau ba. Sakamakon gyaran hanyar fitsari na wata uku ba ya gaya wa kowa komai, domin tsukewar takan dawo bayan an manta.

15. Ina cikin kwamiti, ga takardu a gabana. Ta ina zan fara?

Ka fara da lambobin, tunda suna nan, amma daga wuri ɗaya kamar yadda aka ce a tambaya ta 3, ka raba su da shekarun aiki, ka kuma cire lokacin da mutum ya tsaya don haihuwa, ko jinya, ko riƙon mulkin asibiti. Sanarwar Leiden ta 2015, da aka buga a mujallar Nature, ƙa'idarta ta farko ita ce ƙirga ta zama mataimakiyar hukuncin masana.

Daga nan ka roƙi kowa ya kawo maƙala biyar da yake ganin su ne mafi kyawun aikinsa, da layi uku-uku kan abin da shi ya yi a ciki. Ka karanta su. Ka duba su waye ke ambatonsu: ɗalibansa ne kaɗai, ko mutanen da ba su taɓa haɗuwa da shi ba? Ko wata ƙa'idar jinya ta kafa hujja da su? Maƙalar Patrick Walsh da Pieter Donker ta 1982 ta nuna inda jijiyoyin mazakuta suka bi ta gefen furostet, daga nan likitoci suka koyi cire ƙullin ba tare da sun yanke su ba. Idan mai neman ya zo gabanku, ku tambaye shi wane abu ne ake yi daban a ɗakin tiyata ko a ɗakin duba marasa lafiya saboda rubutunsa, ku ba shi minti biyar ya amsa.